Hoton Bayanka da Nawa, Malam Mani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Rajab, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran kakana Malam Mani na Mabai, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ya haura tamanin. Ya bar matarsa Inna Lauratu, da 'ya'ya bakwai, da jikoki masu yawa. A cikinsu ni Mas'udu ne na fi kowa takura masa.

Malam, kowa ya zo gaisuwa sai ya ambaci haƙurinka da hatsin da kake aika wa marayu ba tare da an ji ba. Gaskiya suka faɗa. Ni dai kishinka nake yi, kuma ka sani.

Tun ina ƙarami muke wasan jika da kaka. Na sa maka kwaɗo a takalmi. Na ɓoye carbinka a tukunyar daddawa. Na taɓa faɗuwa a gona ina ihun kunama don a sallame ni daga noma, aka ɗauko ni har gida, sai ga ni da yamma ina ƙwallo. Saboda haka da ciwon baya na gaske ya kama ni, bayan shekara biyar ina jigilar buhunan masara a babur tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babu wanda ya yarda. Mahaifina, ɗanka, ya ce sabuwar kunama ce.

Bara ka zamo daga tsanin rumbu. Ka tashi ka kakkaɓe riga, amma 'ya'yanka suka dage sai an ɗauki hoton bayanka a Funtuwa. Ni na kai ka a babur, na ce tunda an zo a ɗauki nawa.

Likita ya ɗaga naka a haske ya daɗe yana kallo. Ya nuna mana inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, da wasu 'yan tsiro kamar ƙaya a gefe. Ya tambayi wa ya ɗauko ka. Ka ce ƙafarka, kuma gobe kana da shuka. Ya ɗaga nawa, ƙasusuwa jere kamar an gwada da igiya. Ni da ko takalmi ba na iya ɗaurawa da safe.

Ya yi bayani da Hausa, tunda takardar da Turanci take, mu kuwa allo muka yi. Ya ce hoton ƙashi yake gani, ba ya ganin tsoka, ba ya auna zafi. Ya ce tsofaffi da yawa bayansu haka yake kuma suna harkarsu, matasa da yawa hotonsu fes amma suna wahala. Ya ce in rage lodi, in riƙa tafiya a ƙasa, kada in wuni kwance, in kuma ƙafa ta mutu ko fitsari ya gagara in dawo a ranar. Ban saurara da kyau ba. Hotonka nake kallo. Kana da shaida ba ka da ciwo, ni ina da ciwo ba ni da shaida. Ban taɓa ƙyashin kayan wani kamar yadda na yi ƙyashin lalataccen ƙashinka ba.

A hanya muka tsaya sallar La'asar. Kana alwala na musanya hotunan cikin ambulan.

Sati guda na ci sarauta. Aka riƙa ɗaga hotonka a matsayin nawa a rana a ƙofar zaure ana salati. Mahaifina ya daina zancen kunama. Inna Lauratu ta yi mini farfesun ƙafar sa. Sai aka karɓe makullin babur. Sai labari ya kai Sabuwa, gidan Alhaji Barau, mahaifin Hamida da nake nema, aka ce yaron bayansa ya ƙare. Alhaji ya aiko cewa a dakata da maganar sa rana.

Kai kuwa ka samu abin yi. Ka riƙa yawo da nawa hoton a ƙarƙashin babbar riga, ranar kasuwar Ƙanƙara kana nuna wa masu awon hatsi cewa likita ya ce bayanka na ɗan shekara ashirin da biyar ne. Mutane suna Masha Allah. Ina zaune a tabarma kamar gyauron tsoho, ina jin ana yabon bayana a jikin wani. Kishin farko bai kai rabin wannan ba.

Da na kasa jurewa, na same ka a gindin ɗorawar gonarka na faɗi abin da na yi. Ko gatari ba ka ajiye ba. Ka ce tun wurin alwala ka gan ni ta madubin babur. Na roƙi ka dawo mini da bayana. Ka ce ciniki ya faɗa, kuma tunda yanzu kai ne saurayi, Hamida ma kai za ka nema, ni in je in taya Inna tsince wake. Kwana tara ka bar ni a haka.

A na goma ka hau motar Sabuwa, kan hanyar nan da ke kwance wa mutum haƙora, ka sa mahaifina ya raka ka. Ka baje hotunan biyu gaban Alhaji Barau, ka sa aka kira Hamida ta karanta sunayen da ke rubuce a kusurwa, waɗanda duk gidanmu ba wanda ya lura da su. Aka yi dariya har Alhaji ya share hawaye. Mahaifina bai yi ba. Ya ce ashe dai ƙarya ce tun farko.

Shi da kansa ya gaya mini amsar da ka ba shi. Ka ce: “Hoton ƙarya ne, ciwon gaskiya ne. Shekara biyu ina bayan yaron nan a sahu. Na ga yadda yake dafa ƙasa kafin ya tashi daga sujada. Mai wasa ba ya wasa a nan.”

Ban san kana kallo ba, Malam. Na ɗauka ka bar sahun gaba ne saboda iskar ƙofa.

Mahaifina ya mayar mini da makulli, aka sa rana bayan girbi, amma bai taɓa cewa ya yarda ba. Na ci gaba da ɗaukar buhu ɗaya maimakon uku, yana kallona yana girgiza kai. Da aka ce ka cika, bayan kukan rashinka, abin da ya zo mini shi ne mai shaidata guda ɗaya ya tafi.

Da aka idar da sallar jana'iza, jikoki suka rufu kan makara. Su Lawwali da Nasiru, waɗanda ba su taɓa sa ka dariya ba, suka kama. Na kutsa zan sa kafaɗa, sai na ji an riƙe mini hannu. Mahaifina ne. Ya ce a hankali: “Bar masu. Malam ya ce kada a bari ka ɗauki nauyi, ko da nashi ne. Bayanka ba zai ɗauka ba.”

Ban taɓa jin ya ambaci bayana ba tare da tsaki ba sai ranar. Na bi su a ƙasa har maƙabarta, ina kishin kowace kafaɗa da ta taɓa ka, hannuna cikin nasa.

Allah Ya jiƙanka, Malam Mani. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce masaukinka. Ni ma ka yafe mini kwaɗon da carbin da hoton. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Lauratu, da mahaifina da 'yan'uwansa, da surukanmu na Sabuwa, da dukan mutanen Mabai. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, amin.