Miyau a kan kabil

Da na bar makarantar lise, kawuna, ƙanen innata, ya ɗauke ni aiki a shagonsa na fotokopi da buga takardu a bakin kasuwar Madarumfa. Kafin nan na yi ɗan koyo a Maraɗi, inda aka nuna mana yadda ake haɗa kabil ɗin da ke sada ordinatar da ordinatar, wato kwamfuta da kwamfuta. Aikin ba wahala gare shi ba, natsuwa yake so. A fere rigar kabil, a warware siraran wayoyi takwas da ke ciki, a jera su bisa launi, a datse bakinsu daidai, a zura cikin ɗan kan roba, a matse da pansi, ɗan ƙarfen matsewa mai kama da filaya. Sai a sa a testar, ƴan fitilunta su kama ɗaya bayan ɗaya har takwas. In ɗaya ta tsallake an yi aikin banza, sai a yanke a sake.

Testar tawa ce, da ita na dawo daga Maraɗi. Pansin kuwa na kawu ne, kuma shi ke nan guda ɗaya a shagon.

Kawu da haƙori yake fere kabil. Akwai reza a jikin pansin, don haka aka yi ta, amma ina. Goro na bakinsa tun safe, ya kama kabil ya cije, ya murɗa kai gefe kamar mai fama da ganda, ya tofar da robar a ƙasa. Abin da ke fitowa daga bakin nan ja ne, jiƙe, da ɗan tuƙaƙƙen goro maƙale tsakanin wayoyin. A shago ina kau da kai. Shagonsa ne, bakinsa ne.

Wata rana ba ya nan, shugaban ƙungiyar masu lambun bakin tabki ya shigo. Sun samu ordinatar uku da injin buga takarda, suna son a haɗa musu su a bironsu, wato ofishinsu. Ya tambayi wa ya iya, na ce ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to, in aikin ya yi kyau akwai wani bironsu a Safo. Shi ne aiki na farko da aka ba ni ni kaina, ba ta hannun kowa ba.

Kawu na ji ya ce, "Ɗiya mace ita kaɗai cikin biron maza? Ni zan raka ki."

Na zaci rakiya ce kawai. Da muka isa biron na auna, na ja kabil a gindin bango ina kafawa da ƴan ƙusoshi, gwiwata duk ƙura. Ina juyowa na tarar da shi zaune daram kan kujerar shugaba, ya tattaro bakunan kabil ɗin gaba ɗaya yana bin su da cizo. Sakatariyar biron, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta janye kofin shayinta daga gabansa.

"Ungo, jera," ya ce, ya miƙo mini.

Na karɓa. Santsi, ɗumi, ga wari. Fari mai ratsin lemo da fari mai ratsin ƙasa-ƙasa duk sun koma launi ɗaya, na goro. Na goge da tsumma, na jera ina riƙe numfashi, na matse. Na sa a testar. Ɗaya, biyu, ta tsallake uku. Na gwada na gaba, shida ba ta kama ba. Haƙori ba ya tsayawa a riga, yana gatsar jan ƙarfen da ke ciki, da an lanƙwasa sai ya karye inda ido ba ya gani.

"Pil ɗin abin wasan nan naki ne ya mutu," in ji kawu, wai batirin testar.

"Sabo ne, Kawu."

Shugaba ya leƙo. "Malama, lafiya dai?"

Kafin in buɗe baki kawu ya yi dariya. "Alhaji, ka san yarinya, hannunta bai faɗa ba tukuna. Bari in kama da kaina." Ya kai wani kabil baki.

An koya mini ba a tanka wa kawu gaban baƙi. Na sani sarai. Amma ga Safo na shirin suɓuce mini, ga ƙazantar wani ana shafa wa sunana.

Na ce, "Kawu, don Allah cire shi daga bakinka. Ba hannuna ba ne, haƙorinka ne ke yanke wayar. Kuma mutanen nan da hannu za su riƙa taɓa abin nan."

Sakatariya ta duƙar da kai cikin takardunta, kafaɗunta na rawa. Kawu ya ajiye kabil ɗin a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"To, gwana. Sai ki ƙarasa."

Ya ɗauki pansinsa ya jefa aljihu, ya fita. Na ji tashin motonsa.

Shugaba ya ce, "Yanzu kuma fa? A bari sai wani lokaci?"

Na san wani lokacin na nufin a kira wani mutum daga Maraɗi. Na ce a'a. Na tsallaka titi wurin mai gyaran rediyo, na aro siririyar turnabis ta kwance kusoshin rediyo da reza. Na yanke duk inda bakin kawu ya taɓa, na zubar can bayan biro, na wanke hannuna da omo har sau nawa ban sani ba. Abin da pansi ke yi da matsa ɗaya, ni sai da na bi ƴan haƙoran ƙarfen kan roban ɗaya-ɗaya ina dannawa da turnabis a gefen teburi. Kan roba biyu sun fashe. Tafin hannuna ya yi bororo. Wani kabil ɗin ya gajarce saboda yanka, dole muka ja teburin sakatariya kusa da bango, tana ta mitar an raba ta da iskar taga. Sai bayan la'asar fitilun suka bi layi a kowane kabil, injin ya fitar da takarda daga ordinatar ta ƙarshe.

Labari ya riga ni gida. Inna ko sannu ba ta yi mini ba.

"Ƙanena kika tsinka gaban mutane? Ɗauki mayafinki."

Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ba da haƙuri. Na ba da haƙurin wurin da na faɗa, ban ba da na abin da na faɗa ba, shi ma ya lura. Ya ce ya yafe, amma shago ya ishe shi shi kaɗai, in nemi inda gwanaye ke aiki.

Ran kasuwa shugaba ya aiko a gaya mini Safo na jira. Washegari na shiga motar Maraɗi neman pansi.