Ƙararrawar Bayan Muryar Farfesa

Ƙararrawa nake fara tunawa. Duk darasin da aka turo mini a waya, can bayan muryar Farfesa sai in ji ta buga. In lumshe ido a ɗakinmu na Pantami, in ga doguwar hasumiya, ƙanƙara na sauka a kanta.

Kafin nan ni yarinya ce mai rubuta waƙoƙi a bayan littafi. Yaya Auwal, ɗan wan babana, shi ya samo mini jami'ar, wai ta ƙasar waje ce, daga gida ake karatun. Ya ce shi ne wakilinsu a Gombe.

"Kawo mutum biyu, ƙanwata, a yafe miki kuɗin zango."

Na kawo. Sai ya ce a riƙa biya ta asusuna, nasa ya samu matsala. Na yarda.

Wani zango zazzaɓi ya kwantar da ni, ban zauna jarrabawa ba. Sakamako ya fito, wai na ci da kyau. Na tambaye shi, ya yi dariya: "Turawa ƙoƙari suke dubawa." A ranar na san akwai ƙarya. Amma ina son ƙararrawata, na yi shiru.

Bayan haka ne na kawo Madam Rifkatu, malamata ta firamare, mai neman digiri don ƙarin girma.

"'Yata, kin tabbata?"

"Na tabbata, Madam."

Da ta miƙa takardar a wurin aiki, aka ce jabu ce, aka sallame ta. Yaya Auwal ya ɓace. Sunana ne a asusu, ni aka ɗaure. Har a gaban alƙali ina cewa shi ma yaudararsa aka yi.

Da na fito na je na durƙusa wa Madam. Ta ce ta yafe, amma ba ta sake ce mini 'yata ba.

Ƙannena, ku binciki makaranta kafin ku biya, ko wa ya kawo ta. Ranar da kuka ga ƙarya, ku faɗa a ranar, kafin ku ja wani.

Bara na je ta'aziyya garin Kwadon. Muna zaune sai na ji ƙararrawar, sautin nan dai da na haddace. Na fita ba takalmi. Tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a darbejiya, a wata makaranta, ana dukansa don tashi. Jikin katangar makarantar akwai shago a rufe. Na tambayi matar da ke da shagon wa ya taɓa zama a ciki.

Ta ce, "Wani Auwal ne. Kullum yana kulle, yana Turanci shi kaɗai."