Mai Kwatance da Kuskuren da Ta Rufa Mini

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis, kafin mai shara ta gama da baranda. Ta tura jakarta ƙarƙashin tebur, ta goge gilashinta da bakin mayafi, ta kunna tsohuwar kwamfutar nan mai ƙugi da ta hana a canza mata. Ba ta fara da wasiƙu, ba ta duba labarai. Abin da take fara buɗewa shi ne jerin mutanen da suka zo shafin intanet na makarantarmu jiya da tsohon adireshi, suka tarar babu komai. Wata rana mutum uku ne, wata rana ɗaya. Sai ta bi sawun kowanne, ta gano abin da ya zo nema da inda abin ya koma, ta rubuta layi guda da zai kai na bayansa wurin da ya dace. Sai ta gama wannan take amsa gaisuwata da kyau. Shekara goma sha ɗaya ke nan teburina yana kallon nata a makarantar nan ta koyon aikin jinya, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Hajiya ce, amma kowa yana kiran ta Mai Kwatance. Ni na laƙaba mata sunan, kuma Allah ya sani ba don yabo na yi ba. Gara in faɗa tun yanzu, ina kishin matar nan. Na zo da digirina, ita kuwa da tafireta ta fara aiki. Ni ke tsara shafin, ni ke zaɓen launi da hotuna. Amma duk abin da na kai wa shugabar makaranta, kafin ta ko kalle shi sai ta tambaye ni ko Hajiya ta gani. Mai gadi ma, idan wayarsa ta rikice, teburina yake wucewa ya je nata.

Shekara shida da suka wuce muka kwashe shafin daga kamfanin da ke ba shi masauki zuwa wani. Sabon wurin ya zo da sabon tsari, adireshin kowane shafi ya canza. Ni murna nake, don tsofaffin adireshin dogaye ne, cike da lambobi marasa kan gado. Ita kuwa ta ce mutumin kirki idan ya tashi daga gida yakan bar wa maƙwabta kwatance, kuma ba za mu tashi ba sai kowane tsohon adireshi ya san sabon gidansa.

Mako bakwai ta yi tana tattara su. Mai kula da ɗakin karatu ya ce ta zazzage masa kabad biyu na tsofaffin takardun talla, tana kwafe adireshin da ke ƙasan kowace. Mai gadi ya gan ta tsaye cikin rana a bakin ƙofa tana karanta wanda ya koɗe a jikin allo. Amma a ofishin magatakarda ta fi daɗewa. A bayan kowace takardar shaidar kammala karatu da muke bayarwa akwai adireshi, wanda mai ɗaukar aiki zai buɗe ya ga sunan ɗalibar da shekarar da ta gama. Waɗannan kaɗai sun haura dubu shida.

Tana da yadda take aikinta, ba ta kaucewa. Turawa, wato tura baƙo daga tsohon adireshi zuwa sabo, iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, mai lamba 302, wadda ke ce wa baƙo mun ɗan fita. Akwai ta dindindin, mai lamba 301, wadda ke cewa mun tashi ke nan. Hajiya ba ta taɓa fara wa da ta dindindin. Sai ta sa ta wucin gadi, ta gwada da hannunta, ta ga ta sauka daidai, sannan ta mayar da ita dindindin. Na yi mata dariya, na ce aiki biyu ne. Ta ce kwamfutar baƙo tana haddace turawar dindindin, idan ka yi mata kwatancen banza sau ɗaya ta riƙe ke nan, ko ka gyara ba lallai ta sake tambaya ba. Na ji ta, amma da kunne ɗaya.

Ranar buɗe sabon shafin ta matso, an riga an gayyaci baƙi, saura mata takardun shaidar shekara uku. Ta nemi a ƙara mata mako biyu, na shiga na fita na hana. Ana haka 'yarta ta haihu da ƙyar, Hajiya ta ɗauki hutun kwana uku. Ni kuwa na zauna na rubuta layi ɗaya tak: duk tsohon adireshin da ya rage, a tura shi shafin farko. Kuma na sa shi dindindin, don a ganina wucin gadi aikin matsorata ne. Har na je ina yi wa magatakarda alfahari cewa abin da ya ci wa wata mako bakwai na gama shi kafin shayina ya huce.

Da ta dawo ta ga layin, ta cire shi, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Abin da kawai ta ce shi ne, "Injiniya, layin nan naka na ɗauke shi." Na ji haushi har cikin raina.

Bayan kwana goma ƙanwata ta kira ni tana kuka. A makarantar nan ta yi karatu, kuma takardarta tana cikin na shekara ukun nan. Ta sami aiki a wani asibiti a wata ƙasa, har ta ajiye wanda take yi a nan. Hukumar ba da lasisin jinya ta can ta rubuto mata cewa sun buɗe adireshin da ke bayan takardarta ba su ga sunanta ba, sai shafin farko na makaranta. Sun ba ta kwana goma sha huɗu, in ba haka ba su rufe fayil ɗinta da tambarin takardar da ake zargi. Wadda aka buga wa wannan tambarin, ba ƙasar kaɗai ta rasa ba.

Na buɗe adireshin a kwamfutata, ga sunanta tar. Na ce mata su ne ba su iya aiki ba, ta ce musu su sake dubawa. Suka sake, suka ce haka yake. Na aika musu sabon adireshin, suka ce ba su san wani adireshi ba sai wanda ke bugagge a jikin takarda. Kwana tara muka ci a haka.

A rana ta tara ƙanwata ta zo ofis da kanta, idanu jawur. Ta gaishe ni a tsaye, ta wuce ta ja kujera gaban Hajiya. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, a ofishina. Na yi kamar ina aiki.

Tambaya ɗaya Hajiya ta yi mata: wace rana suka fara dubawa? Ƙanwata ta nuna mata kwanan watan a wasiƙar. Ya faɗa cikin kwana ukun da Hajiya ba ta nan. Ta ɗago ta dube ni ta saman gilashi, sau ɗaya, ta mayar da kanta kan takardar. A nan na gane. Kwamfutar ma'aikacin can ta haddace kwatancena, duk lokacin da ya buɗe sai ta kai shi shafin farko ba tare da ta ko leƙo wurinmu ba.

"'Yata, share hawayenki," in ji ta. "Takardarki lafiya lau take. Matsalar daga wajenmu ce, kuma na san inda take."

Ta rubuta wa hukumar wasiƙa mai sauƙi, ta bayyana abin da ya faru da yadda za su gwada, shugaba ta sa hannu. Ta bi da waya. Sau uku tana kira ana ce mata mai fayil ɗin ba ya kusa, a na huɗu ta same shi, ta lallaɓa shi har ya tashi ya buɗe adireshin a kwamfutar abokin aikinsa. A rana ta goma sha uku aka amince da takardar. Ba ta tsaya nan ba. Ta koma jerin baƙin kwana ukun nan, ta gano takardu arba'in da ɗaya da aka duba, ta nemi masu su ɗaya bayan ɗaya ta sanar da su. Biyu daga ciki ba su ma san an ajiye takardunsu gefe ba.

Da shugaba ta tambayi wanda ya yi kuskuren, Hajiya ta ce ofishinmu ne.

Tun daga nan ƙanwata Mama take ce mata. Duk wata sai ta kira ta su daɗe suna hira. Ni kuwa idan ta kira ni, kafin in gama tambayar yara ta ce in gaishe mata da Mama. Mahaifiyarmu ba ta taɓa ganin matar nan ba, amma tana sa ta a addu'a, ni ina gefe ina cewa amin. Shekara shida ina amin ɗin nan, ƙyashi da kunya suna cin raina.

Hajiya, ke ce kika ɗauki wanda ya zo da tsohon adireshi a matsayin baƙo, ba lamba ba. Ke ce aikinki idan ya yi kyau babu mai ganinsa, don mutum yana buɗewa ya isa, bai san an kama hannunsa ba. Shafin da na tsara aka tafa mini, sau biyu aka sauya shi tun daga lokacin. Layukanki suna nan suna aiki. Mai Kwatance, sunan da na ba ki don tsokana ya fi ƙarfina.

Makon jiya, tana miƙa mini jerin nata da kalmomin sirri, na daure na tambaye ta me ya hana ta faɗa a lokacin.

"Da na faɗa, da ka bar aikin nan don kunya," ta ce. "Ni kuma ina so in bar jerin a hannun wanda ya san abin da layi ɗaya ke iya yi. Ka zo da wuri dai, bakwai da rabi."

Ko wannan amsar sai da na yi kishinta.

Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu wannan sana'a, idan za ku kwashe shafi zuwa sabon masauki, ku yi yadda take yi. Ku tattara tsofaffin adireshi har na jikin takarda, ku kai kowanne gidansa, ku gwada kafin ku sa dindindin. Kada ku tura kowa shafin farko ku ce kun gama, akwai mai jiran aiki a bayan adireshin nan.

Ƙanwata, na san za ki karanta wannan, tunda a kan Mama ne. Layin nan ni na rubuta shi. Kwana goma sha ukun da kika yi kina kuka, kina zaton an ɗauke ki mai takardar bogi, ni na jawo miki, kuma ina zaune ina kallon ki ban buɗe baki ba. Ki yafe mini. Idan fushin ya sauka ki kira ni, zan ɗauka ko ina cikin taro.