Shuɗiyar Katifar Kawu

Kawu, ƙanin mahaifiyata, a masana'antar katifa ya ƙarar da ƙarfinsa. Aikinsa bai wuce ya yanka soso ya cusa shi cikin riga ba. Rigunan iri biyu ne. Akwai fara, ko rubutu babu. Akwai kuma shuɗiya mai hoton wata, wadda ake tallarta a talabijin bayan labarai, inda wata mata ke tashi daga barci tana miƙa da murmushi, kamar ba ta taɓa jin sunan ciwon baya ba. Soson kuwa daga tuli ɗaya ake ɗebo shi.

Duk sanda tallar ta zo, sai Kawu ya ja tsaki. "Ku dubi yadda ake raina wa mutane hankali. Ni fa nake cusa shi da hannuna." Amma bai taɓa tashi daga wurin ba. Har waƙar ya haddace, yakan rera ta in yana wanke kekensa.

Bayan ya ajiye aiki, ciwon baya ya sa shi gaba. Rannan sai ga shi da shuɗiyar katifa ɗaure a kan mota. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe haɓa.

"Maigida, ba kai ka ce duk ɗaya ne ba?"

"Ɗaya ne mana," in ji shi, yana kwance igiya.

Da safe na je gaishe shi, na tambayi jiki. Ya yi miƙa, ya yi murmushi irin na matar nan, ya ce rabonsa da barci haka tun yana saurayi.