Kifin da Ba Shi da Kai

Sanyin shekararmu ta farko a Alƙahira ya yi tsawo. Ɗaki biyu muka kama a unguwar Ard al-Liwa, rana ba ta leƙo mu, kuma tun da yaƙi ya taso mu daga Sudan yarana uku ba su sa kifi a baki ba.

Wata ranar Talata da yamma maƙwabciyata Hajja Batulu ta ƙwanƙwasa ƙofa da leda a hannu. "Maman Safiya, yalla, maza ɗora mai. Wani mai amalanke ne yake bayarwa da araha, na raba mana biyu."

Na buɗe. Kifi ne fari tas, dogo, an yanke kan, an feɗe fatar. Na sa yatsa ta gefen cikin, ban ji ƙayar haƙarƙari ba. Sai na tsaya.

A Bor Sudan na girma, bakin Bahar Maliya, a hannun kakata ta wajen uba, matar masunci. Bayan magariba takan jawo murhun gawayi tsakar gida ta ɗora gahawa, mu kewaye ta. Ba ta kiran kowa. Ta kaɗa mafici kawai ta ce, "To, ta iso, mai kunne ya matso."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta talibambam ɗin teku. Wai ranar da sarkin ruwa ya raba wa kifaye kayan tsaro, shi yana can ƙasa kan yashi yana fasa katantanwa da haƙoransa huɗu. Tafiyarsa ma a hankali ce. Kafin ya iso an rabe gudu da sulke. Ya roƙa, sarki ya ce, "Ba ni haƙarƙarinka, in ba ka ciki mai shan ruwa ya kumbura har ka fi ƙarfin bakin kowa." Ya bayar. Ya ce, "Idan na mutu fa?" Sarki ya miƙa masa wata 'yar tukunyar ɗaci mai kisa. Ya haɗiye, ta zauna a hantarsa da ƙwansa da fatarsa, wuta ma ba ta kashe ta.

"Shi ya sa, 'yan nema," in ji Kaka, tana nuna mu da cokali, "kifin da ba ku ga fuskarsa ba, ba da ku ba. Kakanku sarkin kwaɗayi ne, amma ko shi ya san wannan."

A lokacin kumburin ne yake ba mu dariya, mu cika kumatu da iska har a tsawata mana. Sai da na girma na lura tatsuniyar ba ta da mugu. Kifin yana zamansa ne a ƙasan ruwa, bai nemi tukunyar kowa ba. A nan ma na ji masu kifi na cewa ya bi mashigin Suwais daga Bahar Maliya ya cika Bahar Rum, yana datse musu raga. Arnab suke ce masa, wato zomo.

Na ɗaure ledar na haura wajen Hajja Batulu. Man har ya fara ƙara.

"Hajja, don Allah sauke. Mu bari sai gobe."

"Ikon Allah! Kyauta ce yau ake wa bincike?"

"Ma'alish, yi haƙuri. Idan na yi kuskure, ki yi mini dariya har azumi."

Ta sauke, ba ta dube ni ba. Yarana suka ci ful, dafaffen wake, Safiya tana kuka a kan kwanon.

Da safe na je inda mai amalanken yake tsayawa. Na ce ina son kan kifin, na miya. Ya ce, "Babu, ya hajja, khalas, ya ƙare." Na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na ɗaga buhun da ya rufe bokiti da shi. Kawunan suna ciki, kowanne da haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

Na naɗe ɗaya a takarda, na bi layin matan da ke jira ina nuna musu. Sannan na kai wa Hajja Batulu, na ajiye mata a kan faranti.