Ƙuri'ar Mahaifiyata

Shekarun baya, ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu can wajen Korgom, aka sa ni cikin masu aikin rumfar zaɓe. Har sabuwar riga na ɗinka, ina jin kaina wani babban mutum.

Mahaifiyata ba ta taɓa zaɓe ba, ba ta kuma san harafi ko ɗaya ba. A shekarar ta ƙudura sai ta jefa tata ƙuri'ar, don ta gaji da jan guga a rijiya mai zurfi, kuma akwai ɗan takarar da ya yi maganar fanfo. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta tambaye ni abu a gaban mutane.

Da ta shigo ajin da ake zaɓen ta gan ni a tebur, sai ta sunkuyar da kai. Shugaban rumfa ya ce, "Inna, kin gane yadda ake yi? Ga ɗanki nan, shi gwada maki."

"Na gane," ta ce, ta wuce bayan labule da sauri.

Da yamma muka juye akwati. Cikin takardu na ga wata an nannaɗe ta ƙanƙanuwa kamar laya, yadda mahaifiyata take naɗe komai nata. Na buɗe. Ta dangwala yatsa daidai gaban mutumin da take so, amma ta ninke tun tawada ba ta bushe ba, ta ɓata gurbin wani. Wakilan jam'iyyu suka duba, suka ce ta lalace. Da hannuna na ajiye ta gefe, tare da wasu irinta masu yawa.

Washegari mahaifiyata ta aiko ƙanwata ta tambaye ni ko ƙuri'arta ta shiga. Na ce a gaya mata ta yi daidai, domin inda ta sa yatsa daidai ne. Sauran na kasa faɗa.

Abin yana yi mini ciwo har yau. Magana ɗaya take buƙata, a ce ta dakata tawada ta bushe. Yanzu duk zaɓe nakan tura 'yan matan ajina gida-gida su nuna wa tsofaffi, mace da mace. Ita kam ba ta kai zaɓe na gaba ba. Allah ya jiƙanta.