Ƙofar da Baba Ya Rantse a Kanta

Ko yau aka tashe ni daga barci, zan iya ba da labarin ranar da aka buɗe gidan tarihin garinmu Illela tiryan-tiryan, don ba rana ce da za ta fita daga raina ba.

Ginin tsohon gidan yari ne na zamanin En'e. Mun taso muna ganinsa a kulle, awaki na kwana a gindinsa. Ƙofarsa gajeruwa ce, da ƙyar ta kai ƙirjin babban mutum, an yi ta haka ne da gangan don duk wanda zai shiga ya duƙa. Mahaifina ya shige ta yana saurayi, saboda ya je taron jam'iyyar da masu mulki ba sa so. A ciki ya yi aboki, wani Bafulatani daga wajen Kalmalo, tabarma ɗaya suke kwana. Zazzaɓi ya kashe abokin a gabansa. Ranar da aka saki Baba ya rantse kansa ba zai ƙara duƙawa a ƙofar nan ba. Mutum ne mai kafiya, kuma ni ce na gaje shi.

Da aka gyara ginin, aka gayyace shi buɗewa, don cikin waɗanda suka zauna a ciki shi kaɗai ya rage. Lokacin ɓarin jikinsa ya shanye, yana kan keken guragu da ya tsana, yana kiransa amalanke. Na zaci zai ƙi zuwa. Sai ya ce yana son ya yi wa abokinsa addu'a a ɗakin da ya cika, kafin shi ma a kira shi. Na tuna masa rantsuwar, na ce ko zai yi kaffara. Ya harare ni ya ce, "Ke dai tura amalanke."

Masu gyaran sun zo daga birni, kuma tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Sun bar gajeruwar ƙofar yadda take don tarihi, suka faɗaɗa ta baya, suka yi mata gangare na siminti har da ƙarfen dafawa, saboda tsofaffi da masu keke. Wata budurwa mai kula da gidan ta tare mu da fara'a, ta nuna mana can. Ina ta murna an raba gardama.

Muna kaiwa bakin gangaren Baba ya sa hannunsa mai lafiya ya riƙe tayar.

"Mi na na?" in ji shi. "Ta nan za ki shigar da ni? Ɗiyata, wagga ƙofag gawa ta. Ta nan anka hidda abokina, ina kallo."

Sai a lokacin na lura duk tsofaffin da suka zo sun ja sun tsaya nesa, babu wanda ya taka simintin. Kowane dattijo a garin ya san wannan, amma babu wanda aka tambaya. Idon yarinyar ya cika da ƙwalla, ta durƙusa tana ba shi haƙuri. Ni kuwa raina ya ɓaci, na juya keken zan kai shi gida. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai: ta baya ba ta shiguwa, ta gaba ga rantsuwa.

Da muka zagayo ta gaba ya ce in tsaya. Ya daɗe yana kallon gajeruwar ƙofar, ya ce, "Matsa da ni kusa." Yarinyar ta ruga ta samo katako biyu, aka ɗora a kan dokin ƙofa. Na tura a hankali.

Baba ya gyara zaman hularsa, ya miƙe wuya. Keken ya shige, ko hular ba ta taɓa sama ba. Ni da ke tura shi sai da na duƙa. Manyan baƙi da manyan rigunansu, kowa ya sunkuya ya biyo bayansa. Shi kaɗai ya shiga da kai a tsaye.

A ɗakin ya nuna kusurwar da suke shimfiɗa tabarma, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi addu'a, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa, ya bubbuga hannun keken ya ce, "Ashe amalanken ga na da rana." Muka yi dariya muna kuka.

Bai ga damina ta gaba ba. Gangaren kuwa an mayar da shi bakin wata sabuwar ƙofa a gefe, bayan an zauna da dattawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan za ka sauƙaƙa wa mutum hanya, fara tambayarsa abin da ya sani game da ƙofar. Na kuma daina raina abin da Allah ya ɗora wa bawa, tunda keken da Baba ya fi tsana shi ya cika masa rantsuwarsa.